Kuɗi Na Shigowa, Albashi Na Makara: Ina Matsalar Take?

Tambaya: An saka ni cikin kwamitin amintattu na wata ƙungiyar agaji wadda ba ta neman riba. Kuɗin da take samu yana ƙaruwa kowace shekara, amma sau biyu ke nan albashin ma'aikata yana makara. Ta yaya zan gane ko ƙungiyar tana tsaye da ƙafafunta?

Amsa: Wannan ba baƙon abu ba ne, domin galibin tallafin da ƙungiyoyi ke samu kuɗi ne mai sharaɗi, wato an ɗaure shi da wani aiki takamaimai, kuma ba a yarda a karkatar da shi zuwa wata buƙata ba, komai matsuwar ƙungiya. Wasu masu ba da tallafin ma sai an kashe kuɗin an kai musu rasit sannan su biya, ka ga kuwa yawan ayyuka na iya ƙara tsananta ƙarancin kuɗi a hannu.

Saboda haka ka nemi rahotannin da mai binciken kuɗi na waje ya tantance na shekara biyar a jere, domin shekara ɗaya ba ta nuna alkibla. A kowace shekara ka ware dukiyar ƙungiyar da babu sharaɗi a kanta, ka cire darajar gini da motoci tunda ba a biyan albashi da su, sannan ka raba abin da ya rage da abin da ake kashewa a wata guda. Sakamakon shi ne yawan watannin da ƙungiyar za ta iya rayuwa idan tallafi ya yanke. An fi ba da shawarar wata 3 zuwa 6, amma ni na fi damuwa da inda adadin ya dosa: wanda ya sauko daga 5 zuwa 3 ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ya hau daga 1 zuwa 2.

Ka kuma duba kason da mai tallafi mafi girma yake bayarwa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma ƙungiyoyi da dama da suka dogara da hukumar USAID, wato hukumar ba da tallafin ƙasashen waje ta Amurka, sun sallami ma'aikata cikin 'yan makonni.

A zaman kwamiti na gaba, ka tambayi ma'aji kai tsaye da wane kuɗi aka biya albashin da ya makara. Idan daga kuɗin wani aiki aka ara, to, bashi ne ya hau kan ƙungiyar, kuma wajibi ne a rubuta shi tare da ranar da za a mayar.