Wane bugun waƙoƙin Emily Dickinson zan saya?

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a sashen Turanci, an ce mu nemo waƙoƙin Emily Dickinson. Na ga wani ɗan ƙarami mai arha a kasuwa, na ga ƙato mai tsada a intanet, kuɗina kuma ba yawa, wallahi na rasa yadda zan yi.

Amsa: Kwantar da hankalinki ƙanwata, amma dan Allah kar ki yi saurin kai hannu kan mai arhan nan. Matar nan ƴar garin Amherst ce a jihar Massachusetts ta Amurka, an haife ta 1830 ta rasu 1886, ta bar waƙoƙi kusan 1,800 amma wajen 10 kacal aka buga tana raye, sauran ƙanwarta Lavinia ce ta tsinto su, da yawa a ƴan takardun da ta ɗinke da zare da allura. To masu bugun farko na 1890, Mabel Loomis Todd da Thomas Higginson, sai suka ga rubutun ya yi musu wani iri, suka canza mata kalmomi, suka goge ƴan layukan nan da take ja tsakanin kalmomi, suka laƙaba wa waƙoƙin suna alhali ita ba ta sa ba. Shi wannan gyararren ne ya cika kasuwa don ba mai haƙƙinsa yanzu, kowa bugawa yake ya manna hoton fure a bango. Abin nan yana ƙona min rai, ki biya kuɗi a dalar yau kuma a miƙo miki muryar wasu!

Buɗe shafin farko ki nemi sunan Thomas H. Johnson, wanda ya dawo da rubutunta na asali a 1955, ko R. W. Franklin na 1998. Su lamba suke sa wa waƙoƙin. In kika ga kowace waƙa da sunanta a sama, ajiye musu kayansu. In kuɗin bai kai ba ku haɗa ku uku ku sayi ɗaya, ko ki leƙa laburare.

Tambaya daga wani ɗalibi: Ba gara in sayi handawut in huta ba?

Amsa: Haba malam, waƙar da yawanci ba ta cika shafi ɗaya ba ita ce za a taƙaita maka? Mace ce da ta busar da tsirrai 424 ta lilliƙa a kundi, yana nan a jami'ar Harvard, ta tsaya ta ƙura wa ƙudan zuma da tsuntsu da macijin cikin ciyawa ido kafin ta rubuta. Je ka karanta da kanka.