Tambaya da Amsa: Dole ne fim ya bi littafi sau da ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani littafi da na karanta tun ina 'yar sakandare, na maimaita shi ya fi sau biyar. Bara aka mai da shi fim mai dogon zango. Na zauna kallo da ɗokina, sai na tarar an cire ƙanwar jarumar ɗungurungum, mijin da yake malamin makaranta a littafi an mai da shi attajiri, ƙarshen ma an sauya shi. Raina ya ɓaci har na daina kallo a kashi na shida. Yayana ya ce ni ce ban gane ba, wai fim daban, littafi daban. Shin masu fim suna da hurumin yin haka, ko cin amanar marubuci ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ke da yayanki kowa ya kama gefe guda na gaskiya, sai dai canje-canje ukun da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Cire ƙanwar, wataƙila dole ce ta sa. Mai da malamin makaranta attajiri kuwa, a nan ina bayanki tun kafin in ga fim ɗin.

Bari in fara da dolen. Mu masu rubutun fim muna lissafin shafi ɗaya a kan minti ɗaya na kallo, wato fim na awa biyu bai cika wuce shafi 120 ba, shafukan ma rabinsu farar takarda ce. Littafi mai shafi 300 kuwa, in aka karanta shi a bayyane kamar yadda ake yi a gidajen rediyo, sai ya ci awa takwas ko goma. Dole wani abu ya zube. Za ki ce ai naki mai dogon zango ne, lokaci ba matsala ba ne. Gaskiya ne, amma aljihu matsala ne. Marubuci yana haifar ƙanwa da jimla ɗaya, ko sisi bai kashe ba. Furodusa kuwa sai ya ɗauko 'yar wasa, ya biya ta, ya ɗinka mata kaya, ya ciyar da ita duk ranar da aka fita aiki. Shi ya sa akan haɗe mutum biyu su zama ɗaya: maganar da ƙanwa ta faɗa a littafi sai ki ji ta a bakin ƙawa.

Akwai dolen da ta fi wannan wuya, ita ce kyamara ba ta shiga zuci. An taɓa ba ni wani littafi in mai da shi fim, a ciki akwai shafi uku cur na tunanin uwargida a daren da maigida ya gaya mata zai ƙara aure. Shafukan nan su ne suka sa mata kuka a littafin. Na fara rubuta su yadda suke, tana zaune bakin gado murya na tashi tana zayyana abin da ke ranta. Da muka gwada karantawa, darakta ya yi hamma tun ba a kai rabi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga ƙarshe abin da muka ɗauka shi ne: tana kicin da safe, ta zuba gishiri a miya, ta tsaya ta yi shiru, ta sake ɗebo gishiri ta zuba. Maigida ya kai loma ɗaya ya dube ta, ita kuma ta ce, "A ƙaro ne?" Babu wannan a littafin ko kaɗan. Amma da marubuciyar ta gani, cewa ta yi wannan ita ce matar da ta rubuta. To wa ya fi riƙe amana, wanda ya kwafi shafi ukun ko wanda ya ƙago gishirin?

Ga kuma dokar tace fina-finai. Tun da aka kafa hukumar tacewa ta Kano a 2001, da ma al'adarmu kafin ita, akwai abin da alƙalami zai rubuta tsakanin miji da mata wanda ba za a nuna ba, ko da riƙe hannu ne. Wannan kaɗai yana tilasta sake fasalin fitowa da yawa a littattafan soyayya.

Wani lokaci ma ƙari ake yi, ba ragi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ɗan siririn littafi ne: malami a Rauta yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim, mahaifiyarsa ta bi sahunsa har ita ma ta faɗa bauta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin da ya haura awa biyu. Inda littafi zai ce ayari ya ratsa hamada a layi biyu, mai fim sai ya yanke hukunci a kan raƙuma nawa ne, wane irin rawani, wa ke gaba wa ke baya, ina bayi suke tafiya. Duk wannan nasa ne, ba na marubuci ba. Ko da mutum ya rantse zai bi littafi harafi da harafi, ranar da ya kafa kyamara ya fara ƙirƙira.

To in sauyi ba makawa, ina iyakarsa? Ni ma'aunina shi ne halin mutanen labarin, da abin da ya jefa su cikin halin da suke ciki. Ɗauki Devdas, tunda mu Hausawa mun san fim ɗin Indiya kamar yunwar cikinmu. Littafin na Sarat Chandra ne, ya fito a 1917, gajere kuma ba shi da ƙyale-ƙyale. Da Sanjay Leela Bhansali ya mai da shi fim a 2002 da Shah Rukh Khan, sai ya cika shi da gidaje kamar fadar sarki, ya tura Devdas karatu Landan maimakon Kalkata, har ya haɗa Paro, masoyiyarsa tun yarinta, da Chandramukhi, mai rawar da ta kamu da sonsa, suka yi rawa tare, alhali a littafi ba su taɓa haɗuwa ba. Masu kishin littafin sun yi ƙorafi, kuma ni ma ƙawar ta yi mini yawa. Amma bai taɓa ƙashin bayan labarin ba: Devdas rago ne da ya kasa tsayawa gaban iyayensa, ya rubuta wa Paro wasiƙar rabuwa, ya yi nadama bayan bakin alƙalami ya bushe, giya ta cinye shi, ya mutu a ƙofar gidan mijinta. Wanda ya karanta littafin zai gane mutuminsa ko a duhu.

Kwatanta da Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, littafin 2006 da Biyi Bandele ya mai da fim a 2013. Abubuwan da suka faru kusan duk suna nan, yaƙin Biyafara, 'yan'uwa mata biyu, masoyansu. Amma a littafi yaron gidan, Ugwu, yana ɗaya daga cikin idanun da mai karatu ke kallon yaƙin da su, tun zuwansa daga ƙauye har aka kama shi aka sa shi soja. Fim ɗin ya tura shi gefe ya bar labarin a hannun masu gida. A ganina wannan ragin ya fi rawar Paro ɓarna nesa ba kusa ba, don ya sauya wanda ke ba da labarin.

Yanzu mu koma kan malamin makarantarki. In littafin nan irin wanda nake zato ne, albashin da ba ya kai ƙarshen wata yana cikin abin da ke juya gidan: gorin dangi, bashin mai shago, haƙurin matar. Ranar da aka ba shi katafaren gida da motoci uku, an zare wa labarin dalilinsa, haƙurinta ya zama ba shi da farashi. Kuma kyamara ba ta tilasta wannan ba, don ɗaukar fim a gidan haya irin na malami ya fi sauƙi. Kasuwa ce: ana ganin masu kallo sun fi son falo mai sheƙi, ko kuma jarumin da aka ɗauko ba zai yarda ya hau tsohon babur ba. Na taɓa ajiye wani aiki a kan irin wannan, bayan furodusa ya ce in faɗaɗa rawar wata jaruma daga fitowa huɗu zuwa ashirin saboda ita ce za a sa a fosta.

Batun ƙarshe kuwa, ba ki kai can ba tunda kin tsaya a kashi na shida, ji kika yi. Sauya ƙarshe ba haramun ba ne in halin mutanen ne ya kai su can. In kuwa an tashi mugu ya tuba a minti biyar na ƙarshe don kowa ya kwana da daɗi, ko an ja labarin don a samu zango na biyu, to wannan ha'inci ne ga mai karatu.

Cin amanar marubuci da kika tambaya, wannan ya danganta da abin da aka rubuta a yarjejeniya. Yawancin marubutanmu suna sayar da labari da baki, a karɓi kuɗi a yi musabaha, sai fim ya fito a fara kuka. Wanda yake son a tuntuɓe shi kafin a taɓa ƙarshen labarinsa, ko a cire sunansa in an wuce gona da iri, sai ya sa a rubuta tun ranar ciniki. Kuma ya kamata masu fim su riƙa faɗa a farkon fim ko littafin suka bi, ko kuwa aron ginshiƙinsa kawai suka yi, don mai kallo irinki ta san abin da ta zauna kallo.

Shawarata, ki koma ki ƙarasa shi. Ki zaɓi fitowa ɗaya da ta fi tsaya miki a rai a littafin, ki duba ko matar da ke allo za ta iya yin abin da waccan ta yi a wurin. In za ta iya, ki yafe musu ƙanwar. In kin gama ki rubuto mini sunan littafin, ina son in ga yadda suka yi da malamin nan.