Kafin ka rushe gidan gado

Malam, ka ce za ka rushe gidan gadonku na wajen Ringim, ka zuba bulo da kwano. Ni dai ka dakata tukuna. Ɗakin tubali mai rufin azara ko a Afrilu akwai sanyi, kwano kuwa tanda ne. Ruwa ke cin ginin ƙasa, mun gani a ambaliyar 2022. Ɗaga tushe da dutse da siminti, a yi yaɓen makuba, indararo ya zuba a tanki. Zaure kam kada ka taɓa shi, nan dattawa ke sulhu. Mu darbejiya ɗaya muka bari a tsakar gida, ƙarƙashinta mata ke sussuka. Sola kuma ku haɗa kuɗi ku saya, kowane sashe ya ja waya.