Amsar tambayarki kan ba jariri ruwan lemo

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce yaron ya cika wata huɗu, ana ta ce miki ki fara matsa masa lemo a fida, wai haka aka saba kuma yana wanke ciki. Ki dakata tukuna.

Har ya cika wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. Ruwan 'ya'yan itace kuwa sai ya shekara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a da daga wata 6 take yarda a ba yaro, a 2017 ta mayar da shi wata 12. Cikin jariri ɗan ƙarami ne. In lemo ya cika shi, sai ya rage kama nono, alhali lemon ba shi da maiƙo da sinadarin gina jiki irin na nono. Ga shi in kin matse kin zubar da tuƙar, abin da ya rage yawanci ruwa ne da sukari. Sukarin nan hanjinsa ba ya iya tsotse shi duka, musamman na tuffa, sai ya janyo ruwa cikin hanji: kumburin ciki, tusa, zawo. Wankin cikin da suke faɗa ke nan.

In ya kai wata 6, ki dama masa ayaba ko gwanda da cokali, ki ba shi da tuƙarsa.

Bayan shekara, in za ki ba shi, kada ya wuce mililita 120 a yini, wato kamar rabin kofi, har ya kai shekara 3. Daga shekara 4 zuwa 6, iyakarsa mililita 180. A buɗaɗɗen kofi, lokacin cin abinci. Fida ce babbar ɓarna: yana yawo da ita yana tsotsa, ko ya yi barci da ita a baki, sukarin ya kwana a haƙoransa. Za ki fara ganin farin layi a gindin haƙoran gaba na sama, sannan ya koma ruwan ƙasa, haƙorin ya fara gutsurewa.

Lemon kwali kuwa, ki duba abin da aka rubuta a jikin kwalin. Da yawa ruwa ne da sukari da kala. In kuma yana zawo, kada ki ba shi lemo, ƙara masa zai yi. Ki ci gaba da nono, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, ki kai shi asibiti.