Amsar Gwaggo a kan kyautar maƙwabciya

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce tsohuwar nan 'yar asalin Poland da ke gefenku a Hamtramck, garin nan na kusa da Detroit a Amurka, ta aiko miki da kwalin paczki, kin rasa ko ki karɓa tunda abin ya shafi azuminsu na Kirista, kuma kina tambaya ko a nan ma ana mayar da kwano da wani abu a ciki.

Ki karɓa hannu biyu. Kamar fankenmu yake, sai dai an ɗura masa jam a ciki an barbaɗa sukari. Ranar Talatar da ke gab da azuminsu ake cinsa, domin a da ranar suke ƙarar da ƙwai da mai da sukarin gida. Tun kafin asuba za ki ga layi a ƙofar gidajen burodi, cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Abu ɗaya za ki tambaya, kuma ba abin kunya ba ne: da wane mai aka soya? Asali da kitsen alade ake yi, yanzu da yawa sun koma man gwangwani. In na aladen ne ki gaya mata cikin ladabi, ta daɗe tana zaune da Musulmi 'yan Yemen, ta san zancen.

Amma ina so ki san ko wace ce ta yi miki wannan aike. Kakanninta ne suka raya wurin. A 1910 mutanen Hamtramck ba su kai 4,000 ba. Da John da Horace Dodge suka kafa masana'antarsu ta motoci, sai 'yan Poland suka yi ta kwararowa, zuwa 1920 an haura 48,000. Dubi gidan da kike haya: hawa biyu, iyali sama iyali ƙasa, tsakaninsa da na kusa da ƙyar mutum zai ratsa. An yi su haka ne don ma'aikaci ya taka da ƙafa zuwa aiki. Cocin St. Florian ma da gumin waɗannan ma'aikata aka gina shi.

A 1980 aka rufe masana'antar Dodge. Shekarar da ta biyo aka rushe unguwar Poletown da ke maƙwabtaka don General Motors ta gina sabuwa, aka tashi mutum kusan 4,200, har da cocin Immaculate Conception aka baje. Wannan ciwon bai warke ba a zukatan tsofaffinsu. 'Ya'yansu suka koma garuruwan Warren da Sterling Heights da ke kusa, gidaje suka zama kango.

Baƙi ne suka sake hura wa garin rai, 'yan Yemen da Bangladesh da Bosniya. Suka sayi gidajen da arha suka gyara, suka buɗe shaguna a titin Conant da na Joseph Campau. A 2004 majalisar gari ta yarda a kira salla da lasifika, aka yi ta cece-kuce, aka kai ga ƙuri'a, izinin ya tabbata. A 2021 Amer Ghalib, haifaffen Yemen, ya ci zaɓen magajin gari, bayan shekara kusan ɗari kujerar tana hannun 'yan asalin Poland. Ni dai ina ganin ƙimar wadda ta zauna ta ga duk wannan sauyi, ba ta tattara ta tafi ba, har take ƙwanƙwasa ƙofar baƙuwa da kyauta a hannu.

Zancen kwano kuwa, kwali ba a mayarwa, kuma ba sa jiran tukuici nan take. Ki je da kanki ki yi mata godiya, kada ki aiki yaro. In Sallah ta zo ki kai mata cincin da dambun nama, ki rage yaji, ki faɗa mata ranar me ce a wajenmu. Kafin nan, duk safiyar da ƙanƙara ta sauka, in maigidanki ya share ƙofarku ya zarce har gaban matakalarta.

Ki gaida shi da yara.

Gwaggonki