Tambayoyinku kan fasaha: katin shaida da WhatsApp

Tambaya: Wani kamfani da na gani a Facebook ya ce in tura hoton katina na ɗan ƙasa da takardar kammala karatuna ta WhatsApp kafin a duba neman aikina. Akwai hanyar gamsar da su ba tare da na miƙa takardun ba? Daga wani matashi, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, ka kyauta da ka tambaya kafin ka tura, domin yawancin masu rubuto mini sai bayan an buɗe layin waya da sunansu suke tunawa da ni. Kwanan baya na shiga wani shagon fotokopi kusa da Kasuwar Dole, na tarar fuskar kwamfutar cike da katunan mutane da takardun haihuwarsu, kowa ya karɓi kwafinsa ya tafi, babu wanda ya ce a goge. Mutumin da ba zai ba ka aron butarsa ba, shi ne zai bar wa baƙo sunansa da hotonsa da lambar katinsa.

Hanyar da kake nema akwai ta, kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da ma'auninta na DID, wato lambar shaida ta intanet da mutum ke riƙe da ita da kansa, a 2022. A wannan tsari, jami'a takan sa wa shaidar karatunka hannu ta kwamfuta da makullin sirrinta, wato wata doguwar lamba da ita kaɗai ta sani, ka ajiye ta a wayarka, mai ɗaukar aiki kuma ya gwada sa hannun da makullin jami'ar na fili, wanda kowa ke iya gani, ba sai ya tuntuɓe ta ba. Kana ma iya nuna cewa ka haura shekara 18 ba tare da bayyana ranar haihuwarka ba. Sai dai dole mai bayarwa da mai dubawa su kasance cikin tsarin, kamfanin naka kuwa ban ga alama ba. Idan turawar ta zama tilas, rubuta dalili da kwanan wata a tsakiyar kwafin, kamar yadda nake yi kullum. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutum, kuma hukumar da ke kula da kare bayanan, wato HAPDP, ce ke karɓar ƙorafi.

Tambaya: Shin a wannan tsari takarduna za a zuba a bulokcen, wato kundin bayanai na intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, kowa ya gani? Daga wata ɗaliba, Sabon Gari.

Amsa: A'a, Malama. Idan an bi ƙa'ida, makullin fili ne ake sawa can, takardun suna wayarki.

Tambaya: Idan wayar ta ɓace fa? Daga wani ɗan kasuwa, Zango.

Amsa: Alhaji, tun kafin ta ɓace, rubuta kalmomin sirri na dawo da asusun da shaidarka ke ciki a takarda ka adana a gida, kuma ka daina kulle waya da 1234.