Abin da motar ralin dare take buƙata daga hannun bakanike

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka taɓa injin ƙaramar Nissan Micra ɗin nan da aka kawo mu shirya wa gasar rali ta kulob ɗin motoci na garin nan. Kai so kake a ƙara mata ƙarfi, a sa mata salansa mai ƙara da faffaɗan taya, ni kuwa na ɗora ka a kan wayoyin wuta da farantin ƙasan inji. Ka ce, "Maigida, ashe rali ba gudu ba ne?" Na ji daɗin tambayar, domin duk aikin da za mu yi wa motocin nan daga yanzu har fitar sanyi a kan amsarta yake tsaye.

Ralin da kake gani a talabijin, inda mota ke tashi sama tana watsa ƙura, a rufaffiyar hanya ake yin sa. Na mutanenmu a titin jama'a ne, da dare, ba wanda ya rufe komai. Tarakta na iya fitowa daga gona, tankar madara na iya ɓullowa a kwana, ma'aikaciyar asibiti na komawa gida daga aikin dare. A nan Birtaniya doka ta haramta tsere a titin jama'a, kuma ƙa'idojin 1969 da suka tsara irin wannan gasa sun ce lokacin da za a ba mota kada ya buƙaci ta wuce matsakaicin gudun mil 30 a awa, wato kusan kilomita 48. Kowane mil minti biyu ke nan. Wanda ya iso tasha, wato wurin da ake tsayawa a rubuta wa mota lokacin isowarta, kafin lokacinsa ma hukunta shi ake yi, kuma hukuncin ya fi na wanda ya makara. Waɗannan ƙa'idojin ne kuma suka sassauta wa gasar da ba ta wuce mota 12 ba, shi ya sa ƙananan kulob-kulob suke gina kakarsu a kanta: daga wajen Oktoba zuwa Maris, galibi sau ɗaya a wata, da yamma bayan an tashi aiki, tafiyar mil 50 ko 60, da takardar izini daga Motorsport UK, hukumar da ke kula da wasan mota a ƙasar.

Na san abin da za ka ce: mil 30 a awa ai ko mai koyon tuƙi zai yi. Sai ka shiga hanyoyin tukuna. Kamar burtali suke, mota ɗaya ce ke wucewa, shinge ya fi ka tsawo hagu da dama, ciyawa ta tsiro a tsakiya, taɓon tarakta ya shafe kwalta, ga raɓa ta daskare a inda ba ka zata ba. Sannan babu wanda ya gaya wa direba hanya. Wanda ke zaune a gefensa, mai taswira, shi ake miƙa wa takarda, wani lokaci a daidai minti ɗin tashi, ya warware ta motar na tafiya.

Taswirar da suke aiki da ita ta Ordnance Survey ce, hukumar zana taswira ta ƙasar, jerin Landranger, mai ma'aunin 1:50,000. An raba Birtaniya gida 204, kowane gida da takardarsa. Santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Hanyoyin da rali ya fi bi su ne masu launin rawaya, sai farare, waɗanda da yawansu babu kwalta. Ana iya ba mai taswira lamba shida: ukun farko ya ƙirga daga yamma zuwa gabas, ukun ƙarshe daga kudu zuwa arewa, ya auna da ɗan katin roba da ake kira Romer, ya sami wuri cikin tazarar mita 100. Ana iya ba shi ƙananan zane-zanen mararraba, kowanne da ɗigo inda ka shigo da kibiya inda za ka fita, salon da ya samo suna daga ralin Tulip na ƙasar Holan. Ana iya ba shi ƙashin kifi, wato miƙaƙƙen layi guda da 'yan ƙayoyi hagu da dama, kowace ƙaya hanya ce da za ka bari ka wuce. Wani lokaci lambobin tsayin ƙasa da aka buga a bakin hanya kawai za a jera masa, ya nemo hanyar da ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Wayar hannu da na'urar nuna hanya haramun ne.

Yanzu ka yi wannan lissafi. Mita 100 a wannan taswira milimita 2 ne. Mutum yana karanta milimita 2 cikin duhu, mota na jijjiga, cikinsa na juyawa. Idan ya kuskure mararraba ɗaya suka yi asarar minti uku kafin su juyo, ko direba ya riƙe mil 40 a awa, wanda a waɗannan lunguna ba ƙaramin abu ba ne, sakan 30 kawai yake cikewa a kowane mil. Sai ya yi mil shida kafin ya mayar da abin da kuskure ɗaya ya ci. Kuma minti ma shi ne mai sauƙi. Masu shirya gasa suna kafa ƙananan alluna masu haruffa a bakin hanyar da ta dace, dole a kwafe su a katin lokaci. Sukan so ɗan tsibirin ciyawa mai kusurwa uku da ke tsakiyar mararrabar ƙauye: umarni ya ce a zagaya ta doguwar hanya, allon yana can, mai gaggawa ya yanke ta gajeriya bai gan shi ba. A yawancin irin wannan gasa da adadin allunan da tashoshin da ka rasa ake fara jera sakamako, sannan a duba minti. Mota mai makarar minti 20 da ba ta rasa komai ba tana gaban wadda ta zo a kan lokaci ta rasa allo ɗaya. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wane ƙarfin inji ne zai gyara wannan?

Shi ya sa na fara da kai a kan wuta. Fitilar da ke haska taswira, da gilashin ƙara girma mai ƙwan fitila a ciki da suke ɗorawa a kan takarda, idan suka mutu gasar ta ƙare ko da injin sabo ne dal. Ka ba su fiyus nasu daban, kada ka haɗa su da na rediyo ko na fitilar cikin mota, ka bar soket na biyu kusa da gwiwar mai taswira. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe ka sa mata roba a ramin, in ba haka ba jijjiga za ta fiƙe ta a hankali har ta taɓa bodi. Ban yarda da murɗe waya biyu a naɗe da salatif ba, ko a motar kasuwa, balle wannan. A matse da kan waya na gaske, a ɗaure kowane taƙi. Wayar da ke komawa jikin bodi ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin ka ɗaure, ka shafa giris a kai saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi.

Ƙarin fitilun gaba guda biyu masu wat 55 kowace suna jan kusan amfiya 9. Ba za su bi ta makunnin sitiyari ba, sai ta rile, ɗan makunnin nan da ke ɗaukar wuta mai nauyi, kuma a haɗa su yadda da an sauke babbar fitila za su mutu tare. A daren gasa ga hita tana busa gilashi, ga waifa, ga fitilu duka, inji kuma ba ya juyawa da ƙarfi. Don haka ka gwada cajin batir da komai a kunne, ka duba fambel, ka ɗaure batir ɗin da ƙarfe yadda ko rami ba zai motsa shi ba. Doguwar fitilar nan da ka nuna mini a waya ka manta da ita. Dokar ralin dare ba ta yarda haske mai kallon gaba ya wuce huɗu ba, kamar yadda ba ta yarda da inji mai silinda fiye da huɗu ba, ko mota mai tallace-tallace a jiki. So ake ta yi kama da motar kowa.

Sai ƙasa. A farar hanya tayoyi suna faɗawa cikin kwari biyu da tarakta ta haƙa, tsakiya ta yi tudu, kuma abin da ke fara cin duka shi ne kaskon baƙin mai. Dutse ɗaya ya ishe shi. Farantin alminiyam da muke yankawa a jikin shasi za a ɗaure shi, kada ya jingina da inji, domin idan ya jingina dukan zai wuce kai tsaye zuwa abin da muke karewa. Ka bar tazara, ka cusa soso mai tauri a tsakani don kada tsakuwa ta maƙale ta riƙa cin kaskon. Kawunan noti su nutse cikin farantin, gabansa kuma ya ɗan lanƙwasa sama yadda zai hau tudu maimakon ya tokare shi. Saboda wannan dalilin ne ba za mu sauke motar ƙasa ba, kuma ba ma son faffaɗan taya mai siririn gefe. Siririyar taya mai kaurin gefe ta fi riƙe taɓo, ta fi jure rami, kuma ba ta fashewa da wuri. Shokozoba lafiyayyu sun fi mata amfani da ƙarin doki goma a inji.

Birki kuwa, a mil 60 na kwana bayan kwana da gangara, yana aikin da ba ya yi a wata guda cikin gari. Man birki yana shan danshi idan ya daɗe, da ya yi zafi sai ya tafasa, feda ta tafi ƙasa. A zubar da tsohon gaba ɗaya a sa sabo. Ka bi bututan da hannu da tocila, musamman inda suka bi ta saman tankin mai, can tsatsa ke ɓuya. Wasu hanyoyin suna ratsa rafi ba gada, saboda haka ka duba inda inji ke shaƙar iska, ka tabbata ba ƙasa-ƙasa yake ba, ka rufe wayoyin fulogi da kyau.

Maganar salansa ita ce na fi so ka riƙe, don ta wuce batun cin gasa. Kafin a tashi ana auna ƙarar mota da na'ura kusa da bakin salansa, wadda ta wuce iyaka ba za ta tashi ba. Amma tun kafin wannan daren, masu shirya gasa sun bi hanyar da rana, sun ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen da ke bakinta ko sun saka takarda, sun gaya wa mutane ranar da lokacin. Inda akwai jariri ko marar lafiya ko dabbobi masu ciki, a sa wurin cikin wuraren shiru: a kashe ƙarin fitilu, a sauke babba, a sa giya ta sama, a lallaɓa a wuce. A mararrabar da ke da alamar ba da hanya, dole tayoyi huɗu su tsaya cak, kuma akwai masu sa ido da ke laɓe suna kallo. Mota ɗaya mai hayaniya ta tada ƙauye, an rasa wannan hanyar, wani lokaci shekaru, kuma ba kulob ɗinmu kaɗai ba. An taɓa ganin abin da ya fi haka. Gasar Motoring News, wadda ta gudana daga 1961 zuwa 1987, ta kai matsayin da motoci masu ƙarfi ke gudun fitar rai a titin jama'a, ana wasa da agogon tashoshi don a ɓoye ainihin gudun. Jama'a da 'yan sanda suka gaji, daga 1988 aka tsaurara dokoki, wannan zamanin ya wuce. Abin da ya rage a hannunmu yau haƙurin manoma ne ke riƙe da shi, kuma ina ƙaunar wasan nan ƙwarai, ba zan bari mota ta fita daga garejina ta zama sanadin ɓata shi ba. Ka ƙara wa salansar maratayi, ka ɗaure kowace gaɓa da waya ta biyu yadda ko roba ta tsinke ba za ta faɗi ba.

Ka kuma tuna kaka ake shirya wa mota, ba dare ɗaya ba. Maki ake tarawa wata bayan wata, wanda ya gama kowane zagaye a na huɗu ko na biyar yakan wuce wanda ya ci biyu ya kwana a bakin hanya a sauran. Ko a manyan gasa haka abin yake. Peugeot 504 da ka taso kana gani, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ta ci ralin Safari na Kenya a 1975, kuma da juriya ta ci, akwai waɗanda suka fi ta ƙarfi a cikin jerin. Injin Micra ɗin nan sabis kawai yake so: baƙin mai, matata, fulogi, a duba lagireto da robobin ruwa. Idan mai ita ya kai matsayin da injin ne ke hana shi, shi zai zo da bakinsa ya faɗa, kuma ba bana ba.

Da ka gama wuta, ka sa wa mai taswira matakin ƙafa don ya tokare jikinsa, ka ɗaure jak da safaya taya a but yadda ba za su yi tsalle ba, ka ajiye alwatikan gargaɗi da kayan tsane mai inda hannu zai kai. Maleji shi ne na ƙarshe, sai an sa tayoyin da za a yi gasar da su an ba su iskar da za su tafi da ita, sannan mu kai ta kan mil ɗin da aka auna mu gwada, domin canjin taya yana canza ƙirgensa. Ranar Juma'a kuma ka zo da rigar sanyi mai kauri da tocila, an ba mu tasha ɗaya mu tsare. Kai za ka riƙe agogo ka rubuta lokaci a kati, kuma kowace mota ta tsaya ka saurari injinta da salansarta, ka shaƙi warin birkinta, da safe ka gaya mini wacce kake ganin za a kawo mana gyara.